Wa Ya Mallaki Muryar da Muke Saurare?

Lokacin da nake yaro a Kanya Babba, idan gardama ta yi tsawo a majalisar mahaifina bayan sallar Isha'i, kalma ɗaya ke kashe ta: "Kaduna ta faɗa." Ban taɓa jin wani ya tambayi wanda ya mallaki Kadunar ba. Sai da na shiga aikin jarida na gane cewa wannan tambayar ce ya kamata a fara yi.

A 1962 gwamnatin Jihar Arewa ƙarƙashin Sardauna Ahmadu Bello ta kafa kamfanin BCNN, wanda ya haifi gidan Rediyo da Talabijin na Kaduna. Ba ita kaɗai ba ce mai shi da farko: kamfanonin Ingila biyu, EMI da Granada, suna da hannun jari. Amma kowa ya san dalilin kafa shi. Yamma ta riga ta buɗe talabijin ɗinta a Ibadan tun 1959, Gabas ta biyo baya, Arewa kuwa ba ta so a riƙa ba ta labarin kanta daga Legas. Saboda haka manomin Ɓaɓura da ke sauraren Zaɓi Sonka ko wasan Samanja yake jin gidan nasa ne.

Da aka raba Arewa zuwa jihohi shida a 1967, jihohin suka ci gaba da riƙe gidan tare. Sannan soja suka karɓe: ɓangaren talabijin ya koma ƙarƙashin NTA, rediyon kuma aka zuba shi cikin FRCN a ƙarshen shekarun 1970. Masu gabatarwa ba su sauya ba, Hausar ba ta sauya ba, amma wanda ke naɗa shugaba da biyan albashi ya sauya. Mahaifina da abokansa sun ci gaba da amincewa da gidan da tuni ya zama na wani.

Dokar soja mai lamba 38 ta 1992 ta kafa hukumar NBC, ta buɗe ƙofa ga 'yan kasuwa. Freedom Radio ta fara a Kano a 2003, daga baya ta zo Dutse, kuma ba wanda zai musanta cewa tashoshi masu zaman kansu sun ba talaka baki. Sai dai sashe na 39 na tsarin mulkin 1999 ya bar izinin mallakar tasha a hannun shugaban ƙasa. Wanda ke ganin wannan ƙaramin abu ne ya dubi Filifin: Marcos ya rufe ABS-CBN na iyalin Lopez a 1972, bai dawo hannunsu ba sai 1986, sannan a 2020, zamanin Duterte, majalisa ta ƙi sabunta masa lasisi.

Ni dai buƙatata ba ta da yawa. NBC ta wajabta wa kowace tasha ta riƙa faɗin sunayen masu hannun jarinta a iska, da Hausa, kamar yadda take faɗin zangon da ake kama ta. Haka nan duk filin siyasar da aka saya wa sojojin baka, a faɗi wanda ya biya kafin a buɗe musu makirufo. Yanzu mai sauraro a Roni ko Gwiwa yana jin zagin ɗan takara na rabin awa, bai san ko mai tashar ma ɗan takara ba ne.