Shigar Babban Limami coci: ziyara ce ko ibada?

Idan mai karatu bai manta ba, ranar Lahadi 21 ga Afrilu 2019, ranar bikin Ista, Babban Limamin Ghana, Shaihu Usman Nuhu Sharubutu, ya shiga cocin Katolika na Christ the King da ke Akra, kusa da fadar shugaban ƙasa. Fada Andrew Campbell ne ya tarbe shi. Saura kwana biyu Malam ya cika shekara 100 a duniya. A wannan ranar ce kuma aka ta da bama-bamai a coci-coci da otel-otel na Siri Lanka, mutum sama da 250 suka mutu.

Har yau in aka ta da zancen a majalisun Nima da Mamobi, sai kan jama'a ya rabu. Wasu na cewa bai dace malami kamarsa ya zauna inda ake ibadar wani addini ba. Kakakinsa, Shaihu Armiya'u Shu'aibu, ya fayyace tun a lokacin cewa zumunci ya kai shi, ba ibada ba.

Hukuncin fiƙihu na bar wa malamai. Amma ni a ganina, ɗan kasuwa ya fi kowa fahimtar wannan tafiya. Ƙidayar 2021 ta nuna Musulmi kusan kashi 20 ne cikin ɗari a Ghana, Kirista kuwa sun haura 70. Mai kawo albasa ko shanu ta Paga, da mai shigo da atamfa ta Aflawo, wa yake sayar wa? Wa ke ba shi hayar shago? 'Yan'uwanmu da suka ga rikicin Kaduna na 2000 da na Jos na 2001 sun san cewa in wuta ta tashi, rumfar kasuwa take fara ci. Kuma a Nima kanta akwai cocin St. Kizito, masu zuwansa maƙwabtanmu ne, abokan cinikinmu ne.

Sai dai kada a ruɗe mu da hotuna. Shekara biyu bayan ziyarar, a 2021, aka yi ta ce-ce-ku-ce kan hana wata ɗaliba Musulma azumi a makarantar Wesley Girls ta cocin Methodist da ke Cape Coast. A 2024 wani lauya ya kai ƙarar makarantar Kotun Ƙoli. Tarbar baƙo a coci abu ne mai sauƙi. 'Yancin ɗiyar Zango ta yi salla da azumi a makarantar mishan, wannan shi ne ziyarar Malam ba ta warware ba.