Masu tayi sun yi yawa, wa ya ga takardar ciniki?

Tun juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 Nijar ke sauya abokan hulɗa. Sojojin Faransa sun tattara komatsansu a Disamban 2023. Amurkawa sun bar sansaninsu na Agadas a Agustan 2024, watanni kaɗan bayan saukar masu horar da soja daga Rasha a Yamai. Turkiyya na sayar mana da jirage marasa matuƙa. Sin kuwa ta riƙe man Agadem da bututun da ke kai shi gaɓar tekun Benin, har kamfaninta na CNPC ya ba mu bashin dala miliyan 400 a Afrilun 2024, a biya da ɗanyen mai.

Ba soyayya ta kawo su ba. Yuraniyom ɗin Arlit ne, da mai, da matsayinmu a tsakiyar Sahel.

Duk wanda ya taɓa kai sa kasuwar Filinge ran Lahadi ya san yawan masu tayi alheri ne, domin shi ke ba mai dabba bakin cewa albarka. Amma idan dillali ya ja mai saye gefe suka ƙulla a ɓoye, mai sa ne ke komawa gida da hasara. A nan damuwata take. Korar shugabannin kamfanonin man Sin uku a Maris na 2025, da karɓe kamfanin yuraniyom na Somair daga hannun Orano na Faransa a Yuni, sun nuna muna iya cewa a'a. Saura mu ji abin da muka ce wa to, da sharuɗɗansa.

Mu Kurfayawan yankin Filinge muna da ma'auninmu. Faransa da Amurka suna ƙasar nan aka kashe sojoji 89 a Cinagodar a Janairun 2020, aka kashe mutum 58 a yankin Banibangu a Maris na 2021, wasunsu suna dawowa daga kasuwa. Sabon aboki ma da wannan za mu auna shi: manomi ya kwana a gonarsa, motar Abala ta isa Balleyara lafiya, makarantun da aka rufe su buɗe.

Janar Tiani, jagoran juyin mulkin, ɗan yankin nan ne, ya san waɗannan hanyoyi. Roƙona gare shi ɗaya ne: kowace yarjejeniya da baƙo, ta ma'adinai ko ta bashi, a buga ta a fili, a karanta ta a rediyo da Hausa da Zabarmanci. Jikokinmu ne za su biya, ya kamata iyayensu su san farashin.