Zama a Bakin Tafkin Tahoe: Fa'idodi da Illoli

Tafkin Tahoe yana saman tsaunukan Sierra Nevada ne a yammacin Amurka, kan iyakar jihohin Kalifoniya da Nebada, mita 1,897 sama da doron teku. Zurfinsa ya kai mita 501, kewayen gaɓarsa kuma kusan kilomita 116. Tun kafin zuwan Turawa ƙabilar Washoe ke kamun kifi a bakinsa idan sanyi ya wuce. Yau kuwa gaɓar ta cika da garuruwa da unguwanni: South Lake Tahoe a kudu, Tahoe City ta yamma, Kings Beach da Incline Village a arewa. Gine-ginen sun bunƙasa ne bayan gasar Olamfik ta lokacin hunturu da aka yi a wani kwari da ke kusa a 1960. Shekara sittin da ɗoriya sun isa a zauna a yi lissafin riba da asara.

Fa'idodi

Fa'ida ta farko ita ce daɗin wurin. Iskar tsauni ga sanyi ga tsabta, ruwan kuwa garau yake har hukuma ta yafe wa wasu kamfanonin ruwan yankin wajibcin tacewa, sai dai su kashe ƙwayoyin cuta su tura wa jama'a. Mafi yawan dajin da ke kewaye mallakar gwamnatin tarayya ne, don haka mai gida ba ya fargabar wata rana ya farka ya tarar an share dutsen da yake kallo.

Ta biyu, kasuwar shaƙatawa ba ta mutuwa duk shekara. Da zafi ana ninƙaya da tuƙa kwale-kwale a Sand Harbor da Emerald Bay, masu ƙarfin ƙafa kuma su bi turbar da ta zagaye tsaunukan mai tsawon fiye da kilomita 260. Da hunturu sai a koma wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara a Heavenly da Palisades. Miliyoyin baƙin da ke zuwa su ne abincin masu otal, da masu gidajen cin abinci, da kafintoci, da masu share ƙanƙara daga ƙofar gidaje.

Ta uku, gidan bakin ruwa dukiya ce mai hauhawa, domin gaɓa ba ta ƙaruwa, masu nema kuwa kullum ƙaruwa suke. Nebada ba ta karɓar harajin kuɗin shiga, abin da ya ja attajirai zuwa Incline Village. Mark Zuckerberg na Facebook ma ya sayi gidaje biyu a gaɓar yamma. Harajin irin waɗannan gidaje na taimaka wa makarantu da hanyoyi da 'yan kwana-kwana.

Ta huɗu, wadda ba a cika ambata ba: masu son wurin sun zama masu gadinsa. Ƙungiyar kare tafkin da ta samo asali a 1957 ta taimaka wajen hana gina babbar gada a bakin Emerald Bay. A 1969 jihohin biyu suka kafa hukumar tsara gine-gine ta haɗin gwiwa, TRPA, wadda sai da izininta ake ƙara gini ko matsayar jirgi. Ruwan masai na yankin ta bututu ake fitar da shi zuwa bayan tsaunuka, kuma tun 2008 ake bincika jiragen ruwa kafin su shiga, gudun kada su shigo da baƙin halittu.

Illoli

Babbar illa ta faɗa ne kan abin da kowa ya zo dominsa, wato ruwan. Masanan Jami'ar Kalifoniya da ke Davis sukan zura farin faifai a ciki su auna inda zai ɓace wa ido. A 1968 ana hango shi har kusan mita 30; a shekarun nan bai cika wuce mita 20 da 'yan kai ba. Babban dalilin shi ne ƙurar kwalta da yashin da ake zuba wa tituna saboda santsi, waɗanda ruwan sama ke kwasowa daga unguwanni, ga takin ciyawar ado da ke ciyar da gansakuka.

Unguwar Tahoe Keys ce misali mafi muni. A shekarun 1960 aka haƙe fadamar kogin Upper Truckee, wadda ke tace ruwan kogi mafi girma da ke shiga tafkin, aka gina gidaje kusan 1,500, da yawansu da matsayar jirgi a bayan gida. Ruwan mashigan da aka haƙa ya yi ɗumi, ba zurfi, sai baƙin ciyayi suka mamaye shi, jirage na kwasar su zuwa wasu sassa. Sai da ta kai a 2022 aka gwada zuba maganin kashe ciyawa a wurin.

Illa ta biyu ita ce tsadar muhalli. Gidaje masu yawa na hutu ne, a rufe suke mafi yawan shekara ko a ba baƙi haya ta 'yan kwanaki. Malamin makaranta da mai dafa abinci sai su koma Reno ko Carson City, su riƙa ƙetare tsauni kullum, har da ranar ƙanƙara. Takaicin haka ya sa a 2018 mazauna South Lake Tahoe suka kaɗa ƙuri'ar taƙaita irin wannan haya a unguwanni, rigimar da ta kai har kotu.

Ta uku, gobarar daji. Gobarar Angora ta 2007 ta cinye gidaje 254. A 2021 gobarar Caldor ta sa aka kwashe garin South Lake Tahoe kaf, mutum sama da 20,000, motoci suka cushe a 'yan hanyoyin fita. Kuɗin inshora ya yi tashin gwauron zabi, wasu kamfanonin ma sun daina karɓar gidajen yankin.

Sai cunkoso da shara. Washegarin bikin 'yancin kai na Yuli 2023, masu aikin sa kai sun kwashe fiye da tan 3 na shara daga gaɓa. Dabbobin beyar da suka saba da kwandon shara har gidaje suke fasawa. A wasu wurare kuma shingen masu gida ya tare wa talaka hanyar isa ruwa.

A kan ma'auni

Fa'idodin na gaske ne, amma nan take ake cin su, kuma an san masu ci: mai gida, da baƙo, da ɗan kasuwa. Illolin a hankali suke taruwa, su sauka kan ma'aikaci da kan tafkin. Rafuka 63 ke zuba a Tahoe, kogin Truckee kaɗai ke fita, don haka ruwan da ya shiga yakan yi ɗaruruwan shekaru bai fita ba. Tun bayan ziyarar Shugaba Bill Clinton a 1997 an kashe biliyoyin daloli a gyara, abin da aka samu shi ne rage saurin lalacewar, hasken 1968 bai dawo ba.

Hana zama a bakin tafki ba zai yiwu ba, kuma ba shi ne maganin ba. Sai dai a bar fadama a matsayinta, a ware wa ma'aikata muhalli, a bar wa jama'a hanyar isa ruwa, a tabbatar da hanyar tsira kafin a ƙara unguwa. Tahoe ya koyi waɗannan ne bayan an gama gini, shi ya sa kowanne ke cin kuɗi ninkin abin da zai ci da tun farko aka yi.