Mai Sayen Kyamara Ya Fara Tambayar Danginta

Akwai wata tambaya da ta yawaita a zaurukan malamai da rumfunan 'yan kasuwa na Kazaure da Roni da Gwiwa, har Babura can kusa da iyaka. Mutum ya tara 'yan kuɗinsa yana nufin sayen kyamara, watau na'urar ɗaukar hoto ta zamani wadda ba ta cin fim, sai ya tsaya yana tambaya: shin Canon ce ta fi, ko Nikon, ko kuwa Sony? Wani malami ne da ya gaji littattafan rubutun hannu, gara da yoyon damina suna cinsu, yana so ya ɗauki surarsu tun ba su ƙare ba. Wani ɗan kasuwa ne mai son nuna hajarsa ga abokin ciniki na Kano ko Damagaram. Wani kuwa uba ne da zai kafa wa ɗansa sana'ar hoton fasfo da na suna da biki. Dukansu tambayarsu ɗaya ce, kuma ba ita ta kamata su fara yi ba.

Kamfanonin nan uku duk na ƙasar Japan ne, kuma kowanensu ya ƙware. In aka jera hotuna uku na ƙananan kyamarorinsu a gaban wanda bai taɓa riƙe ko ɗaya ba, da wuya ya ce wannan na wance ne. Gardamar suna aikin masu shago ne, gama kowa abin da ke kan kantarsa yake yabo.

Sayen kyamara ya fi kama da neman aure, inda ba yarinya kaɗai ake dubawa ba, har gidansu. Babbar kyamara kashi biyu ce: akwai jiki, akwai kuma gilashin gaba da ake cirewa a sauya, wanda shi ne idonta. Kowane kamfani da irin bakin da yake ɗaura nasa ido, na Canon ba ya shiga jikin Nikon, na Nikon ba ya shiga jikin Sony sai da dabara. Batir da caja ma haka suke. Ashe wanda ya sayi jiki ɗaya ya shiga dangi ke nan, duk abin da zai ƙara saya nan gaba daga gidan zai fito.

Dangi kuwa yakan ƙare. A kamfanin Kodak na Amurka aka ƙera kyamarar farko marar fim a 1975, amma a 2012 kamfanin ya kai kansa kotu ya ce bashi ya fi ƙarfinsa. Samsung, wadda kowa ya sani da waya, ta yi manyan kyamarori masu kyau, daga baya ta watsar da sana'ar, ta bar waɗanda suka saya suna neman batir kamar masu neman allura cikin ruwa. Olympus ta sayar da sashenta na kyamara a farkon 2021. Har a cikin gida ɗaya ana samun reshen da ya bushe: Canon ta fito da jerin EOS M a 2012, ta daina shi a 2023, kuma idanunsa ba sa hawa sababbin kyamarorinta. Mai shago zai iya miƙo irin wannan da araha, da sunan Canon ɓaro-ɓaro a goshinta, alhali kuwa ba ta da magaji.

Saboda haka tambayar farko ita ce: in batirin ya mutu, ana samun wani a Sabon Gari ko Titin Beirut a Kano? In ta ƙi tashi, akwai mai gyaran da ya saba buɗe irinta, ko sai an aika Ikko? Mai saye ya zaga wurin masu hoto na Kazaure ya ga abin da ke rataye a wuyansu. Abin da suka fi riƙewa shi ne zai sami mai koya masa, da mai ba shi aron ido ranar da ya matsu. A wannan ma'auni tsofaffin gidaje biyu sun yi rinjaye, domin bakin F na Nikon tun 1959 yake, bakin EF na Canon kuwa tun 1987, idanunsu na hannu sun cika duniya. Sai dai a sani ƙananan Nikon irin D3500 ba sa daidaita wasu tsofaffin idanu da kansu, sai da hannu, don haka a gwada kafin a biya.

A 2018 kamfanonin biyu suka buɗe sabon baki, Canon ta ce RF, Nikon ta ce Z, na kyamarori marasa madubi a ciki, hanyar da Sony ta riga su shiga tun 2010. Can sana'ar ta karkata, ba shakka, kuma akwai zoben haɗi da ke ɗora tsohon ido a kan sabon jiki, watau kuɗin da aka kashe kan ido bai ɓata ba. Amma mutumin Gwiwa ko Roni ya tuna da wuta da ƙura. Marar madubi tana shan batir, yawanci hoto 300 ko 400 caji ya ƙare, ita kuwa D3500 mai madubi an kimanta ta da hoto 1,550. Kuma yawanci in aka cire idon marar madubi, cikinta a buɗe yake ga ƙurar hunturu. Ga mai farawa da ƙaramin jari a garin da wuta ba ta tsayawa, mai madubi ta hannu wadda ba ta sha wuya ba ta fi dacewa.

Batun megafiksel, wanda masu shago ke ɗaga murya a kansa, kada ya ruɗi kowa. Ma'anarsa ɗigo miliyan ɗaya. Cikakken shafin takarda, in ana so wasali da ɗigon harafi su fito sarai, bai kai ɗigo miliyan 9 ba, ƙananan kyamarorin nan kuwa suna da 18 ko 24.

Malami mai littattafai ya fi kowa gaggawa. A watan Janairu na 2013 aka ƙone dubban littattafai a Cibiyar Ahmad Baba ta Tambutu, amma gara ba ta jiran yaƙi, a hankali take nata aiki cikin adaka da gafaka. Abin da zai fisshe shi ƙafa uku ce ta kafa kyamara don kada hannu ya yi rawa, da hasken rana na inuwar zaure ba tare da fitilar walƙiya ba, da ɗaukar shafi bi da bi har da sharhin gefe da sunan marubuci a ƙarshe, sa'an nan ya ajiye hotunan wuri biyu. Malamai sun yi saɓani game da hoton abu mai rai, amma babu mai gardama a kan hoton takarda ko buhun riɗi. Ba kuma baƙon ilmi ba ne, domin Ibnul Haisam mutumin Basra, wanda ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya yi bayanin yadda haske ke ratsa ƙaramar huda ya zana sura a ɗaki mai duhu, a littafinsa Kitabul Manazir. Ɗan kasuwar da hoton atamfa ko rago kaɗai zai aika ta WhatsApp kuwa, wayar da ke aljihunsa ta ishe shi, ya bar kuɗin cikin jari.

Wanda zai sayi ta hannu ya tuna da babin ciniki da ya karanta a Risala da Muhtasar. Sayen abin da ba a gani ba, ba a kuma siffanta shi ba, garari ne, kuma tilas ne mai sayarwa ya bayyana aibin da ya sani. Kada a tura kuɗi don hoton kwali. Kowace kyamara tana riƙe da lissafin hotunan da ta ɗauka, kamar yadda mota ke riƙe da lissafin tafiyarta, kuma ƙanana da yawa an gina ƙyaurensu a kan kimanin 100,000. A sa wanda ya iya ya duba lissafin nan. A ɗaga ido wajen haske a ga ko akwai karce ko hazo a ciki, a ɗauki hoton farar takarda a ga ko tabo zai fito. Kana a nemi sharaɗin zaɓi na kwana biyu ko uku a gaban shaidu, a rubuta lambar jikin kyamarar a rasit, kuma a ware kuɗin batir na biyu da katin ajiya daga cikin jarin tun kafin a fara tayi.