Raddi ga masu cewa wasannin yaƙi sun rage rundunonin mutanen dā

Wata magana ta daɗe tana yawo a bakin masu buga wasannin dabarun yaƙi a kwamfuta, wai irin su Total War da Age of Empires sun ci amanar tarihi. Hujjarsu ita ce marubucin tarihin Girka, Herodotus, ya ce Xerxes, Sarkin Farisa, ya nufi Girka a shekara ta 480 kafin haihuwar Annabi Isa da dakarun ƙasa miliyan 1.7, alhali Rome: Total War na 2004 ba ya barin ka shiga fili da fiye da rukuni 20, wato 'yan dubbai. Don haka, in ji su, 'yan kasuwa sun yanke miliyoyi domin kwamfuta ta iya ɗauka. Maganar tana da daɗin ji, amma ginin ƙasa ne a bakin rafi.

Duk tana rataye ne a wuyan Herodotus, kuma da alama masu ita ba su karanta yadda ya ce an yi ƙidayar ba. A Doriscus, in ji shi, an cusa mutum 10,000 wuri guda, aka zagaye su da katanga iyakar cibiya, aka riƙa cika shingen ana kwashewa har aka gama. Wannan ce shaidar. Da ya haɗa da sojan ruwa da barori, jimillarsa ta kai 5,283,220. To, me za su ci? Sojan da ke tafiya a ƙasa yana bukatar hatsi kimanin kilo ɗaya a rana. Dakarun ƙasa kaɗai za su cinye tan 1,700 kowace rana, kayan alfadarai wajen 17,000, kuma alfadarin nan shi ma ciki gare shi. Donald Engels, a littafinsa na 1978 kan guzurin rundunar Iskandar Mai Girma, ya nuna dabbar da ke ci daga hatsin da take ɗauke da shi za ta ƙarar da shi cikin kwana 25, ba ta ba kowa ko tsaba ba. Masanin tarihin yaƙi Bajamushe, Hans Delbrück, ya auna da sojan ƙasarsa: mutum 30,000 suna cin hanya kusan kilomita 22, don haka jerin Xerxes zai wuce kilomita 3,000, goshinsa ya isa Thermopylae a Girka alhali ƙarshensa yanzu yake fitowa daga birnin Susa na Farisa. Janar Frederick Maurice na Birtaniya kuwa ya bi hanyar da kansa, ya duba rafuka da rijiyoyin yankin Dardanelles, ya rubuta a 1930 cewa ruwan ba zai shayar da fiye da mutum 210,000 da dabbobi 75,000 ba. Abin takaici, mutum ya ƙi jin lissafin ruwa da hatsi, ya rungumi labarin katanga iyakar cibiya, sannan ya kira kansa mai kishin tarihi!

Za su ce ai ba Herodotus kaɗai ba ne, ga marubuci Arrian da ya ba Sarki Darius na Farisa dakarun ƙasa miliyan ɗaya a yaƙinsa da Iskandar a Gaugamela a 331 kafin haihuwar Annabi Isa. Su sake dubawa. Arrian ɗin nan ya ce Iskandar na da dakarun ƙasa 40,000 da mahaya 7,000. Kullum adadin gida daidai wa daida ne, domin ana ba su albashi da abinci, akwai rubutu. Na abokan gaba ne ke kumbura, domin girman nasara yana tare da yawan waɗanda aka kayar. Daular Rum zamanin Augustus, daga Sifen har Sham, ta riƙe iyakokinta da runduna 28 da mataimakansu, duka kimanin mutum 300,000.

Akwai inda suka kusa gaskiya. Marubuci Polybius ya ce Rumawa sun fita yaƙin Cannae a 216 kafin haihuwar Annabi Isa da mutum 86,000, kuma waɗannan wasannin ba sa nuna haka, balle Age of Empires II da ya fito da iyakar mutum 200. Amma ƙaryar da wasannin suka fi yi wata ce dabam: sojansu ba ya jin yunwa, dokinsa ba ya neman ciyawa, kuma kwamanda yana hangen filin duka daga sama, umarninsa na isa nan take ba ƙura ba ɗan aike. Ƙara mutum miliyan a kan wannan ba zai gyara komai ba.

Batun cewa mutanen dā sun fi mu iya tara jama'a bai cancanci dogon bayani ba. Napoleon ya shiga Rasha a 1812 da mutum wajen 600,000, yana da rumbuna da kekunan kaya da Xerxes bai taɓa gani ba, amma yunwa da cuta suka fara cin su tun kafin su ga Mosko.