SHUGABAN ƘASA MAKIYAYI NE, DUKIYAR TA JAMA'A CE



A rumfunan kasuwa da bakin tasha muna jin mutane suna zancen shugaban ƙasa kamar zancen sarki. Wani ya ce Allah ya ba shi, sai haƙuri. Wani ya ce ai wanda ya hau ba ya sauka sai ta Allah ta kasance. Wannan magana kuskure ce, kuma kuskure mai tsada, gama ƙasarmu ta biya kuɗinsa da yunwa da jini. Shi ya sa muka ga ya kamata mu zauna mu warware ta.

Kowa ya san yadda ake ba da kiwo. Mai dukiya ya ƙirga dabbobinsa, a yi sharaɗi gaban shaidu, a yanka lokaci. Makiyayi ya sha nono, ya karɓi ladansa, amma ranar da wa'adi ya cika sai ya koro garke a sake ƙirga. To, haka shugabancin ƙasa yake. Jama'a su ne masu dukiya, tsarin mulki shi ne sharaɗin, ƙuri'a ita ce shaida.

Wannan muƙami ba daɗaɗɗe ba ne kamar sarauta. Bayan da mutanen Amurka suka fita daga hannun sarkin Ingila, sai suka nemi wanda zai riƙe ƙasa ba tare da ya gaje ta ko ya gadar da ita ba. A 1789 suka ɗora Janar Joji Washinton, wanda ya ja sojojinsu a yaƙin neman ƴanci. Ya yi shekara huɗu sau biyu, a 1797 ya sauka ya koma gonarsa, alhali ba dokar da ta hana shi sake tsayawa. Waɗanda suka biyo baya suka riƙe wannan al'ada, har sai da aka zaɓi Ruzbelt sau huɗu, ya rasu kan mulki a 1945. Ganin haka, a 1951 suka rubuta a doka cewa ba mai cin zaɓen shugaban ƙasa fiye da sau biyu.

Faransa kuwa, inda muka samo yawancin tsarin namu, ta fara da tuntuɓe. A 1848 aka zaɓi Luwi Nafoliyon shugaba na shekara huɗu, doka ta ce ba zai zarce ba. Da wa'adi ya matso, a watan Disamba na 1851 ya sa soja suka watsa majalisa, shekara ta zagayo ya naɗa kansa sarki. Kun ga tun farkon al'amari hanya biyu ce: makiyayin da ya mai da garke, da wanda ya gudu da shi.

Mu dawo gida. An kafa Jamhuriyar Nijar ran 18 ga Disamba 1958, muka sami mulkin kai ran 3 ga Agusta 1960, Jori Hamani ya zama shugaban ƙasa na farko. Kada kowa ya ce kayan da aka ɗora masa mai sauƙi ne. Ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita 1,267,000, yawancinta hamada. Iyaka da ƙasashe bakwai, ba bakin teku, a lokacin sai kaya sun sauka Kwatano a sha tafiyar kilomita wajen dubu kafin su iso Yamai. Ga Hausawa, ga Zabarmawa, ga Fulani, ga Buzaye, ga Barebari, ga Tubawa, kowa yana son ya ga an yi da shi. Baitulmali kuwa a lokacin ya dogara da gyaɗa da dabbobi da harajin talaka. Duk wanda ya zauna wannan kujera, waɗannan kaya su ne matashin kansa.

Amma a ƙasa irin tamu, aikin shugaba na fari shi ne rumbu. Daga 1968 zuwa 1974 fari ya yi ta maimaituwa, dabbobi suka ƙare, mutane suka bar garuruwansu suka taru a bakin birane suna jiran tsaba. A lokacin nan jam'iyya ɗaya ce tak a ƙasa, an sake zaɓen shugaba a 1965 da 1970 ba abokin takara. Ba jaridar da za ta yi kuka, ba ɗan majalisar da zai miƙe ya ce ina hatsin taimako ya shiga. Ran 15 ga Afrilu 1974 Laftanar Kanar Saini Kunce ya kifar da gwamnati, kuma babban zargin da ya kafa hujja da shi, shi ne an yi wasa da cimakar masu jin yunwa. Shugaban da ya toshe bakin masu gaya masa gaskiya, kunnensa ya toshe, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Bayan Taron Ƙasa na 1991, a 1993 aka zaɓi Mahamman Usman. Nan wani nauyi ya fito, wato zama da wanda ba ka so. A 1995 ƴan adawa suka sami rinjaye a majalisa, shugaba da firaminista suka shiga ja-in-ja, aikin gwamnati ya tsaya cik. A watan Janairu 1996 Kanar Ibrahim Ba'are Mainasara ya karɓe mulki, shi ma aka harbe shi a filin jirgin saman Yamai ran 9 ga Afrilu 1999.

Labarin Tanja Mamadu ya fi kowane dacewa da a yi masa dogon nazari, don mutum ne da ƙauye ya so. An zaɓe shi a 1999, aka sake zaɓensa a 2004. Ya gina azuzuwa da ɗakunan shan magani da rijiyoyi a karkara, har ana ce masa Baba Tanja. Tsarin mulkin 1999 ya ce shekara biyar sau biyu, ba ƙari. Sai aka fara kiɗan tazarce, wai a bar shi ya ida ayyukan da ya soma. A 2009 ya rushe majalisar dokoki, kotun tsarin mulki ta ce abin bai halatta ba, ita ma ya rushe ta. Ran 4 ga Agusta aka yi ƙuri'ar raba gardama, aka ƙara masa shekara uku. Bai ci ko wata bakwai a cikinsu ba: ran 18 ga Fabrairu 2010 soja suka kama shi a fadarsa. Da ya sauka a kan wa'adi, da rijiyoyinsa kaɗai sun ishe shi suna. Zanen aro ba ya rufe katara.

Sai a 2021 muka ga zaɓaɓɓen shugaba ya miƙa wa zaɓaɓɓe, sa'ad da Mahamadu Isuhu ya cika shekara goma ya ba Muhammad Bazum. Ran 26 ga Yuli 2023 dogaran fadar shugaban suka tsare shi. Ku ƙirga da kanku: 1974, 1996, 1999, 2010, 2023. Sau biyar bindiga ta raba gardamar da ƙuri'a ya kamata ta raba.

Wani zai ce ai halin ƙasashen baƙar fata ke nan. Ba haka ba ne. Sangor na Senegal ya ajiye mulki da kansa a ƙarshen 1980. Nyerere na Tanzaniya ya sauka a 1985. Mandela na Afirka ta Kudu ya yi wa'adi ɗaya, ya tafi a 1999 ana roƙonsa ya zauna. Duk sun ci sauran kwanansu da mutunci.

Yanzu ga inda maganar ta shafe mu. Shugaba ba ya lalacewa shi kaɗai. Wa ke tara mata da samari a bakin hanya da kalangu? Wa ke cika motoci a kai mutane su yi ihun a zarce? Wa ke rubuta wa Yamai cewa lafiya lau, alhali tiyar hatsi ta gagari mai gida? Irinmu ne, ƴan rassa na garuruwan kasuwa. In muka zama ƴan amshin shata, mun ci amanar talaka, mun kuma haƙa wa shugaban rami.

Saboda haka muna kira ga kowane reshe. Duk mai neman wannan kujera, ko namu ne ko na wasu, a tambaye shi abin da ya tanada domin shekarar fari. A tambaye shi ko zai bi hukuncin alƙali ranar da bai yi masa daɗi ba. A tambaye shi ranar saukarsa, a rubuta amsar a littafin reshe. Sakataren reshe kuwa ya riƙa aika farashin hatsi da labarin rijiyoyi da makarantu yadda suke, ba ƙari ba ragi. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

A karanta wannan takarda a taron ranar kasuwa. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a kuma miƙa ta ga reshe na gaba.

Allah ya ba mu damina mai albarka. Nijar ta ɗore!