Allurar goge tamojin fuska: garin neman gira kada a rasa ido

Sharhinmu na yau ya shafi wani abu da ya fara shigo mana ta salula tun kafin ya shigo ta kasuwa. Duk mai duba TikTok ko Facebook zai iya cin karo da hoton fuskar mace an ɗiɗɗiga mata alamomi a goshi, da tsakanin gira, da gefen ido, kowace alama da lambarta: nan 20, nan 12, nan 4. Wannan ita ce allurar da aka fi sani da sunan Botox, wadda ake yi don goge tamoji, wato yamutsewar fatar fuska da shekaru ke kawowa. Yadda ake nuna ta, sai ka ce awon gishirin miya ne, kowa ya haddace lambobin zai iya.

A nan Karofane, da Buza, da Madawa, da Keita, wannan allura har yanzu harkar manyan birane ce. To amma mun san hanyar da man shafe-shafe na canza launin fata da ƙwayoyin sa ƙiba suka biyo suka iso mana: ta Kwanni da Illela, ta ƙauyukan bakin iyaka, da kuma cikin jakunkunan ƴan cin rani masu dawowa daga Kano, da Legas, da Abijan. Hanyar tana nan buɗe. Shi ya sa muka ga gara a yi maganar tun abin bai zama tsarabar amarya ba.

Abin da ya faru a ƙasashen da suka fi mu asibitoci

A Ingila, tsakanin watan Yuni da na Yulin 2025, hukumar kare lafiyar jama'a ta ƙasar ta ƙidaya mutum 38 da suka kamu da ciwon shanyewar jiki da ake kira botilisim bayan an yi musu allurar gyaran fuska, kuma bincike ya nuna an yi amfani da maganin da ba shi da izinin hukuma. A Amurka a 2024, mata a jihohi da dama sun kwanta asibiti saboda allurar jabu ko kuma wadda aka yi musu a gida da shagunan kwalliya. A 2023 kuwa, sama da mutum 60 sun kamu da wannan ciwo bayan an yi musu irin wannan allura a tumbi a Turkiyya, wai don su rage ƙiba. Ƙasashe ke nan masu injinan taimakon numfashi da maganin karya dafi a ajiye. Mu tambayi kanmu: in da a wani ƙauyen Adar ne abin ya faru fa?

Mene ne cikin kwalbar?

Dafi ne da wata ƙwayar cuta mai suna Clostridium botulinum ke fitarwa, kuma yana cikin mafi ƙarfin dafin da ɗan Adam ya sani. Makiyayanmu ma sun san aikinsa ko da ba su san sunansa ba. A rani, saniyar da jikinta ya rasa gishirin ƙasa takan koma taunar ƙashin mushe, bayan kwanaki sai ta kwanta ta kasa tashi, harshe ya zazzago. Likitocin dabbobi sun daɗe da gano cewa wannan dafi na haddasa irin haka. Aikinsa shi ne ya yanke saƙon da jijiya ke kai wa tsoka, sai tsokar ta saki.

Likitoci sun koyi amfani da ɗan mitsitsi daga cikinsa. Wani likitan ido a Amurka, Alan Scott, shi ya fara gwada shi ga masu harara-garke, kuma a 1989 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi don ciwon ido. Wasu likitoci mata da miji a Kanada kuwa, Jean da Alastair Carruthers, su ne suka lura cewa tamojin tsakanin gira na ɓacewa ga marasa lafiyar da aka yi wa. A 2002 aka ba da izinin yin sa don kwalliya. Har yau ana jinyar mutane da shi, misali masu sanƙarewar hannu ko ƙafa bayan shanyewar ɓarin jiki. Magani ne na gaske a hannun wanda ya san shi. Aikinsa a fuska yakan fara bayyana bayan ƴan kwanaki, ya ɗauki wata uku zuwa huɗu, sannan tamojin ya dawo, a sake biyan kuɗi.

Kowane gefen fuska da awonsa

Ana auna shi da wani awo da ake kira yunit. Ga abin da takardar kamfanin Botox ta tanada. Tsakanin gira, yunit 20, a raba wuri biyar, kowane wuri 4. Gefen idanu, yunit 24, wato 12 a kowane ɓangare, wuri uku-uku. Goshi, yunit 20, amma ana haɗa shi da na tsakanin gira, jimilla 40.

Me ya sa ake haɗa su? Tsokar goshi ita ke ɗaga gira sama, tsokokin tsakanin gira kuma su ke jawo ta ƙasa. In aka kashe mai ɗagawa aka bar masu jawowa, sai gira ta faɗo, mutum ya yi ta yawo kamar mai jin barci. A tsakanin gira, in allura ta sauka kusa da ƙashin saman ido fiye da kima, dafin na iya tsiyaya zuwa tsokar da ke buɗe fatar ido, sai ido ya rufe rabi har tsawon makonni. Takardar ta ce a bar aƙalla santimita ɗaya sama da wannan ƙashi. A gefen ido, in aka yi ƙasa da yawa, sai a taɓa tsokar murmushi, baki ya karkace. Kewayen leɓe kuwa ƴan yunit ƙalilan ake sawa, kuskure kaɗan ya isa ya sa mutum ya kasa kurɓar ruwa ko furta "ba" da "ma" daidai. A wuya, haɗarin shi ne wahalar haɗiya.

Kun ga ke nan lambar ita kaɗai ba ta isa ba. Tsakanin kwalliya da nakasa, faɗin yatsa ɗaya ne. Kuma in an riga an zuba, babu allurar da za ta janye shi daga tsoka, sai a jira ya ƙare da kansa.

Inda lambobin salula ke yaudara

Na farko, yunit ɗin wannan kamfani ba ɗaya ba ne da na wancan. Mu mutanen bakin iyaka mun san cewa dubu ɗaya ta naira da jika ɗaya ta sefa duka dubu ne a baki, amma ba su sayen abu ɗaya. Haka nan, wurin da Botox ke buƙatar yunit 20, wani samfurin mai suna Dysport 50 ake sawa. Wanda ya ɗauko lambar wannan ya yi aiki da kwalbar wancan, ya ninka awo fiye da sau biyu bai sani ba.

Na biyu, maganin busasshe yake zuwa, sai an narka shi da ruwan gishiri na asibiti. In aka zuba mililita biyu da rabi a kwalba mai yunit 100, kowane kashi ɗaya cikin goma na mililita na ɗauke da yunit 4. In aka zuba mililita ɗaya kawai, wannan ɗigon dai ya koma yunit 10. A ido, sirinjin biyu iri ɗaya ne.

Na uku, fuska ba ɗaya ba ce. Tsokar namiji ta fi kauri, ta dattijuwa ta fi rauni, wani kuma girarsa dama a sauke take. Ba a yi wa mai ciki ko mai shayarwa, kuma kun san yawan matanmu da ke cikin ɗayan biyun nan. Akwai masu ciwon raunin tsoka da allurar za ta iya jefa su cikin haɗari. Sannan wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta, irin su jantamisin da ake yawan yi wa mutane allurarsa, suna ƙara wa dafin ƙarfi.

Na huɗu, sanyi. Kwalbar Botox na son ajiya tsakanin digiri 2 zuwa 8, kamar dai allurar rigakafin yara da muke ganin ma'aikatan CSI na ɗauke da ita cikin akwatin ƙanƙara. In an narka, a yi amfani da ita cikin awa 24. A ƙasar da zafin Afrilu da Mayu ke wuce digiri 40, kwalbar da ta kwana uku a jakar matafiyi a saman mota ba abin yarda ba ce.

Na biyar shi ne mafi muni: jabu. A 2024 hukumar magunguna ta Amurka ta gano kwalayen Botox na ƙarya da aka rubuta musu yunit 150, alhali kamfanin ba ya yin kwalba mai wannan awo ko kaɗan. In ba ka san abin da ke cikin kwalba ba, wane lissafin yunit za ka yi?

Darasin da muka riga muka biya kuɗinsa

Ba sai an je Turai ba kafin mu gane wannan. A garuruwanmu akwai manya masu jan ƙafa tun suna yara, saboda allurar kinin da aka yi musu a ɗuwawu ta sami babbar jijiyar ƙafa. Maganin na gaske ne, zazzaɓin ma na gaske ne, wurin sukar ne aka kuskure. A 2015, lokacin annobar sanƙarau, Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan allurar rigakafi ta jabu da ke yawo a Nijar. Wanda bai ji tsoron Allah ba wajen jabun rigakafin sanƙarau, ba zai ji ba wajen maganin kwalliya.

Kuma akwai allurorin gyaran jiki da suka riga suka yaɗu a Afirka ta Yamma, waɗanda mutane kan haɗa su duka su kira da suna ɗaya. Akwai Kenacort, maganin kumburi da ake karkatarwa don hasken fata, wanda yawan amfani da shi ke jawo hawan jini, da ciwon suga, da nankarwa, da siririyar fata mai wuyar warkewa. Akwai gulutatiyon, wanda hukumar magunguna ta Amurka ba ta amince da allurarsa don canza launi ba. Akwai kuma allurar ciko ta kumatu da leɓe, wadda in ta shiga jijiyar jini za ta iya kashe fata ko ta makantar. Kodibuwa ta haramta man bilicin tun 2015, hukumar NAFDAC ta Najeriya kuma ta ayyana shi a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a 2023. Duk da haka kayan na nan a kasuwanni. Sannan ga sirinji ɗaya da ake yi wa mutum biyu ko uku da shi, hanyar ciwon hanta da sida.

Abin da ya rage gare mu

Ba mu zo mu zargi mace don tana son ta yi kyau ba. Lalle, da dilka, da kwalli, da turare, duk gadonmu ne. Amma mu maza mu duba namu laifin. Wanda ke yi wa matarsa gori cewa ta tsufa, ko yake auna ta da fuskokin da salula ta goge, shi ne ke tura ta hannun akwaku. Fuskar da ta sha ranar gonar albasa, da hayaƙin murhu, da renon ɗiya, ba cuta gare ta ba.

Ga wadda ta yanke shawarar yi duk da haka, to a yi a asibiti, a hannun ƙwararren likita. A Faransa ma ba kowane likita doka ta yarje wa ba, sai wasu ƙwararru irin su likitan fata, da na ido, da na tiyatar gyaran jiki. A nemi ganin kwalbar tun ba a buɗe ba, a karanta suna da ranar lalacewa, a tambayi yunit nawa za a sa kuma a ina. Wanda ya ce zai zo har gida ya yi a farashi mai sauƙi, a tuna araha ba ta ado.

In kuwa an riga an yi, sai mutum ya fara ganin abu biyu-biyu, ko fatar ido na faɗowa, ko magana na shaƙewa, ko haɗiya da numfashi na wuya, ko da bayan makonni ne, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. A garzaya CSI mafi kusa, a faɗa wa majo gaskiyar abin da aka yi ba tare da kunya ba, don a hanzarta turawa asibitin Buza, ko Madawa, ko Keita, ko babban asibitin Tawa. Maganin karya dafin yana tsayar da ciwon ne kawai, ba ya maido da tsokar da ta riga ta saki, saboda haka kowace awa na da daraja.

Ga mahukunta kuma, da jami'an duwan, da sarakunanmu, da limamai, da ƙungiyoyin mata, aikin shi ne a sa ido kan allurorin da ke shigowa ba ta hanyar farmasi ba, a kai abin da aka kama ɗakin binciken LANSPEX a Yamai, a kuma yi bayani a masallatai da wuraren biki. Masu gyaran amare su tsaya ga lalle da dilka, su bar sirinji ga masu shi.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.